Jar Dara

Shekara talatin da huɗu ina gyaran agogo
a bakin kasuwar Tawa,
har waya ta zo ta kwashe lokaci daga wuyan hannun mutane,
ta bar ni da madubin ido ɗaya da ɗan hantsaki.

Sai ga Arzika, malamin tarihi a lise,
ya dawo daga Yamai da kwali ɗaure da roba.
Ciki sojoji sittin na dalma,
kowane bai wuce gaɓar yatsa ba,
toka-toka, ba ido, ba gari.
Ya ce, "Nomau, hannunka bai mutu ba. Tufatar da su."

Burushin kanti ya yi kauri.
Na sa jikata Bibata ta riƙe mini kyanwa,
na tsinko gashi biyar a wutsiya,
na ɗaure a tsinken tsintsiya.
Kyanwar har yau gaba take da ni.

Da asuba nake zama,
don fenti a garin nan ba ya jiran kowa:
ka ɗiga, ka juya ka yi tari, ya bushe.
Kaki tukuna. Sai ɗamara. Sai jar dara,
ɗigo guda kamar tsinin barkono.
Ido ne aiki.
Riƙe numfashi, taɓa sau ɗaya.
In ka ƙara, soja ya koma mujiya.

Na talatin da bakwai ya ci mini kwana uku.
Na kankare takalmansa da wuƙar agogo,
na fitar da yatsu goma,
na ƙulla zare biyu na rataya masa a wuya,
na ja zane a kumatu, siriri, irin na gidanmu.
Arzika ya buɗe littafinsa mai hotuna:
"Wannan ba ya cikin tsari."
Na ce, littafinka bai taɓa shan fura da kakana Tankari ba.
Shi ya ce takalmin Nasara cizo gare shi,
sai an hango kumandan ake sawa.
Su biyu aka ɗauka rana ɗaya, shi da ƙanensa Jadi.
Shi ya dawo da tari da lambar tagulla.
Jadi, ko hoto.

Ran Lahadi bayan la'asar muke shimfiɗa yaƙi
a kan teburin yankan yadi na mai ɗakina.
Yashi daga ƙofar gida, tudu na kwali,
kogi na tsohon shuɗin kallabi.
Arzika yana auna taku da ma'aunin tela,
ni ina kaɗa 'ya'yan ludo a gwangwanin tumatir.
Dattawa biyu, furfura har gira,
muna musu kan ko harsashi ya tsallake kogi.
Maƙwabta sun ce, da dara muke yi
da an san inda za a ajiye mu.

Rannan na tura mai takalmi a wuya gaba,
shi kaɗai, gefen tudu.
Na kaɗa. Na zuba.
Ɗaya da ɗaya.
"Ya faɗi," in ji Arzika. "Cire shi."

Hannun da bai taɓa rawa a cikin agogo ba
ya tsaya a sama, ya ƙi sauka.
Shayi ya huce.
Wani babur ya wuce a waje.

Bibata ta miƙo hannu ta ƙarƙashin hammatata,
ta ɗauke shi, ta kwantar a kwalin ashana,
ta lulluɓe da auduga.
"An kai shi likita," ta ce.
"Lahadi zai dawo."

Arzika ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.
Bai buɗe littafi ba.

Da dare wuta ta ɗauke.
Na zaro kwalin, na haska da tocila a baki:
fenti ya ɓare a diddigensa na hagu,
dalma ta leƙo.
Na dama ƙasa-ƙasa a murfin kwalba.
Saura ashirin da uku a kwali, toka-toka,
suna jiran ido.